Aljihun Makaranta Shi Ne Aljihun Kasuwa



Ku dubi ɗan'uwanmu mai ɗauko albasa daga Galmi ta Nijar, ya ratso Burkina, ya sauke a Kumasi. Jarinsa ne, guminsa ne. Amma a kowace iyaka sai an miƙo masa takarda da Faransanci ko Turanci, sai ya biya wani ya karanta masa, ya biya wani ya cike masa. Kafin buhu ya iso kasuwa, rabin ribar ta zube a hanya. Ku leƙa Suame Magazine kuma. Makanikin da ya shekara ashirin yana gane ciwon inji da kunnensa, yau an kawo masa mota mai kwamfuta a ciki, dole ya tura ta wurin yaron da ya yi makarantar koyon sana'a. Kuɗin da gwamnati ta hana makaranta jiya, shi ne muke biya yau daga aljihunmu.

Magabata sun gane wannan. Kwame Nkrumah ya fito da shirin faɗaɗa ilimi a 1951, tun kafin 'yancin kai. Kwalejin fasaha da aka buɗe a Kumasi a 1952 ita ce ta zama KNUST, wadda injiniyoyinta ke riƙe da ma'aikatun ƙasar nan. A 1987, zamanin Rawlings, aka kafa sashen ilimin Islamiyya, makarantun zango suka samu malaman da gwamnati ke biya, yaro ya haɗa allo da boko ba tare da uba ya ji tsoron ɗansa zai ɓata ba. A shekara ta 2000 gwamnatin NDC ta kafa asusun GETFund, aka ware masa kashi biyu da rabi cikin ɗari na harajin VAT don gina ajujuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai.

To me gwamnatin giwa ta yi da wannan asusu? A 2017 ta kawo dokar da ta yi wa irin waɗannan asusai iyaka, abin da ya haura sai ya koma babbar taskar gwamnati. Kun biya harajin a kan kowane kwalin sabulu, amma a wancan lokacin ba duka ya isa makaranta ba.

Gaskiya ɗaya ce, ba za mu ɓoye ta ba: karatun sakandare kyauta da aka fara a Satumba 2017 ya sauke wa iyaye da yawa nauyi. Sai dai an tara yara ba a tanadar masu wurin zama ba. Shi ya sa a 2018 aka raba su kashi biyu, wasu na aji, wasu na zaune a gida wata da watanni. Uwa mai sayar da waake ita ke biyan malamin darasi na wannan zaman. A Yulin 2023 masu kai abinci makarantu sun kwana a ƙofar ofishin ajiyar abinci na gwamnati a Accra suna neman bashinsu. Makarantun sakandare na jeka-ka-dawo da John Mahama ya fara ginawa, da yawa an bar su ciyawa ta cinye. A Arewa kuwa har yanzu akwai yaran firamare da ke karatu ƙarƙashin bishiya.

Za su ce maku korona ce da yaƙin Yukren. Ku tambaye su: a 2017 da suka ɗaure asusun ilimi, akwai korona? Tsadar kaya ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba 2022, aka ruga wurin IMF neman dala biliyan 3. Ƙasar da ke sayar da koko da zinariya ɗanye, tana sayo komai daga waje, sidinta ba zai tsaya ba. Mai sarrafa kaya a gida sai mai sani, sani kuwa daga aji yake farawa. Malesiya ta samu 'yanci a 1957, shekara ɗaya da mu. Ta zuba dukiya a makarantu, yau kayan lantarki take sayar wa duniya.

Jam'iyyar NDC ta yi alkawari a rubuce: karatun sakandare kyauta zai ci gaba, za a kawo ƙarshen karatun karɓa-karɓa, za a kwance wa GETFund mari, ɗalibin shekarar farko a jami'ar gwamnati ba zai biya kuɗin karatu ba. Ku ajiye wannan takarda, idan mun hau ku riƙe mu da ita.

Ranar Asabar, 7 ga Disamba 2024, ku fito da wuri da katinku. Ku tuna da yaron da ke zaune a gida yana jiran layinsa ya zo, ku dangwala wa lema. Allah Ya ba mu zaɓe lafiya, Ya raya mana zuri'a.