Mun biya lakkol, sun samu difloma, suna aiki ba albashi

Jama'a masu karatu, musamman ku ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu saye da saidawa, maganar yau taku ce, don da kuɗinku ake yin ta. In muka ratsa rumfunan babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, ba za mu sha wuya ba kafin mu samu wanda ke biya ma ɗiyarsa ko ƙanensa lakkol ta kiwon lafiya. Wata da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take biya, wata sai ta jira kwasar adashe, wani kuma ragon da ya ajiye ma layya ne yake saidawa. Shekara 3 ana ta zubawa: kuɗin rajista, kuɗin karatu, farar riga, fotokofi, kabu-kabu zuwa wajen sitaj. Ranar da sakamako ya fito a yi guɗa, a dafa shinkafa, a ce ɗiyar Hajiya ta zama likita.

Mu nan Nijar duk mai farar riga likita muke ce masa, har gidan ma likita muke kiransa. Amma waɗanda muke magana a kansu su ne infirmiye, masu jinya, waɗanda ke yin allura, su sa ƙarin ruwa, su wanke miki, su kwana kan marar lafiya. A mafi yawan asibitocin karkara da ake ce ma CSI babu dokta ko ɗaya, infirmiye shi ne majo, shi ne mai duba marar lafiya, shi ne mai rubuta magani.

To yarinya ta samu difloma, sai me? Sai a ce ta jira gwamnati ta buɗe gasar ɗaukar ma'aikata. Gasar ba kowace shekara ake yin ta ba, in an yi kuma masu nema sun ninka guraben. Kafin nan, don kar hannunta ya mutu, sai uba ya je ya ga wani da ya san wani, a samo mata wuri cikin wata CSI ko gidan haihuwa a matsayin benebol, wato mai aikin sa-kai. Sunan yana da daɗi. Ma'anarsa ita ce za ta zo da safe kamar kowa, ta yi kwanan aiki kamar kowa, ta taɓa jini da amai kamar kowa, amma ƙarshen wata ba ta da ko dala. In majo mai tausayi ne ya ɗan ba ta na sabuni. Akwai masu yin wata 6 a haka, akwai masu yin shekaru. Mai lisans yana iya samun bautar ƙasa ta shekara 2 da ɗan abin da ake ba su, daga nan ya nemi kwantaragi. Mai birbe da ya yi karatun ƙaramin ma'aikacin lafiya, shi hanyarsa ta fi tsawo. Kuma duk tsawon wannan jira, wa ke biyan kuɗin kabu-kabu da na abincin rana? Ku ne dai, waɗanda suka biya lakkol.

Abin mamaki, ba wai ma'aikatan sun yi mana yawa ba ne. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a 2016 ƙasa na bukatar dokta da infirmiye da ungozoma, in an haɗa su, fiye da 4 ga kowane mutum 1000. Mu ko 1 ba mu kai ba. Tun 2001 shirin musamman na shugaba Tanja Mamadu ya giggina ƙananan ɗakunan shan magani cikin ƙauyuka, a 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 a duba su kyauta, a 2024 kuma hukumomi suka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Duk waɗannan abin yabo ne, kuma mata sun fi kowa sanin amfaninsu. Sai dai kowane ɗaya daga cikinsu ƙara layi yake yi a ƙofar likita. Layi ya ƙaru, masu albashi ba su ƙaru daidai da shi ba, sai aka cike ramin da ƴaƴan mutane masu aiki kyauta. Ku je kowace CSI ta cikin gari a watan Agusta ko Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara bibbiyu kan gado ɗaya, ku tambaya cikin masu farar riga nawa ne ke da lambar aikin gwamnati.

Ku ƴan kasuwa kun fi mu sanin wannan lissafi. Yaron shago da ba a biyansa, ba a ciyar da shi, kuma aka bar masa makullin akwati, me ake jira daga gare shi? Ba mu ce duka ƴan benebol haka suke ba, wallahi da yawansu suna riƙe da amana fiye da wasu masu albashi. Amma a nan ne ƙananan halaye suke tsirowa: a saida ma marar lafiya maganin da ke cikin aljihun riga, a ce allura sai an ba da na goro, a tura mutum wata kilinik da yamma. Kuɗin da aka ce gwamnati ta tsimi ta hanyar ƙin biyan yarinyar, daga ƙarshe a hannun mai jinya ake karɓarsa, kuma mai jinyar nan ita ce mai tuyar ƙosai ta bakin tasha.

A shirye-shiryenmu na rediyo, duk ranar da muka buɗe waya kan maganar asibiti, kukan ɗaya ne: faɗa, tsawa, wulaƙanci, musamman a ɗakin haihuwa. Kukan gaskiya ne, kuma ba sabo ba ne. Tun 2003 masu bincike suka fitar da littafi a kan irin tarbar da ake ma marasa lafiya a manyan birane 5 na yammacin Afirka, har da Yamai. Ba mu wanke kowa ba. Rashin albashi ba hujja ba ne ga zagin mace mai naƙuda. Amma mu tambayi kanmu inda yarinya ƴar shekara 21 ta koyo wannan hali, tunda ba a cikin littafin lakkol yake ba. A shekarunta na farko ta koye shi. An sa ta kwanan aiki ita kaɗai ko da wata irinta, babba ya tafi gida ya ce in abu ya ɓaci a kira shi, ga mutum 30 suna jira, ga wuta ta ɗauke tana neman jijiyar jariri da fitilar salula, ga dangin marar lafiya tsaye kanta. Tsoro ne ke fita ta bakinta kamar faɗa. In ba a samu wanda ya zaunar da ita ya gyara mata ba, bayan shekara 5 faɗan ya zama halinta, ita ma ta koya ma na bayanta.

Sai maganar lakkol ɗin kanta. Da can, in an ce karatun lafiya, ENSP ake nufi, ta Yamai mai sunan Damure Zika da ta Damagaram. Yau masu zaman kansu sun cika manyan garuruwa, har da sanarwa a rediyo, kuma mu da kanmu muke karanta sanarwar. A cikinsu akwai na ƙwarai, akwai kuma waɗanda kasuwa ce kawai aka buɗe. Karatun jinya ba a allo yake ƙarewa ba, a bakin gado ake koyonsa, to in ɗalibai 20 suka taru kan marar lafiya ɗaya wajen sitaj, nawa ne za su taɓa shi? Alhaji, kai da ba ka sayen buhun shinkafa sai ka soka ka gani, kafin ka zuba jikkunanka ka je da ƙafarka. Ka ce a nuna maka takardar izinin gwamnati, kuma ta fannin da yaronka zai karanta. Ka tambaya ɗalibai nawa suka kai jarrabawar ƙasa ta bara, nawa suka ci. Ka tambaya a wane asibiti ake sitaj, wa ke bin su can. Ka leƙa ɗakin gwaji ka ga ko akwai kayan aiki. Wanda ya yi fushi da waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa.

Ga hukumomi kuma, ra'ayinmu shi ne aikin benebol ya kamata a sa masa iyaka a rubuce. A ce wata kaza ne, da takarda, da ɗan alawus ko da na kabu-kabu ne, da babba da aka ɗora ma alhakin koyar da shi, kuma kada a bar sabon hannu shi kaɗai da dare. In aka zo ɗaukar ma'aikata, shekarun da mutum ya yi yana wannan aiki a lissafa masa su, kar ɗan wani da bai taɓa kwana asibiti ba ya tsallake shi. Wanda ya yarda ya tafi daji, can bayan Dakwaro ko Tanut, a fara da shi. Lokacin kwalara ta 2018 a Madarunfa da sanƙarau na 2015 a Yamai, cutar ba ta tambayi mai farar riga ko yana da lamba ba. Ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta SUSAS ma muna jiran mu ji muryarta kan waɗannan ƙannen nata kamar yadda muke jin ta kan albashin manya.

Kada kuma mu ce abin na Yamai ne kaɗai. Kowace CSI tana da kwamitin kula da kuɗinta, COGES, kuma mutanen unguwa ne ke cikinsa, sau da yawa ƴan kasuwa da shugabannin mata. Hukumar kwamin ma tana iya ɗaukar ma'aikacin lafiya da kuɗin kwamin, irin kuɗin tikitin da ake karɓa hannunku kowace ranar kasuwa. A taron kwamiti na gaba, a samu mai tashi ya tambayi majo: ƴan benebol nawa ne a gidan nan, tun yaushe kowannensu ya fara, kuma me ake ba su ƙarshen wata?