Kafin a ce katin wifi ya ƙone, a duba abu huɗu

Jama'ar Baleyara da kewaye,

Duk mai ordinata a garin nan ya san zancen: da zarar wifi ya ƙi kamawa, sai a ce masa "kati ya ƙone, sai Yamai." A shiga mota tafiyar kusan kilomita 100, a biya zuwa da dawowa, a biya mai gyara, wani sa'in ma a bar na'urar can har mako. Ɗalibin da ke son yin rajista ta intanet, ko malamin lakwal da ake jiran rahotonsa, shi ke kwana ciki. Ni a ganina sau da yawa tafiyar nan asara ce, domin katin lafiyarsa lau.

Katin wifi ɗan ƙaramin allo ne, bai kai kwalin ashana ba, yana cikin ordinata, da siraran wayoyi biyu, galibi baƙa da fara, da suka bi ta bayan gilashi. Su ne eriyarsa. Kafin a yanke masa hukunci, a duba waɗannan.

Na ɗaya, maɓalli. Tsofaffin na'urori na da ɗan makunni a gefe, wasu kuma ana danna Fn tare da maɓallin da ke da hoton eriya ko jirgin sama. Yaro na iya taɓa shi bai sani ba.

Na biyu, salularka. Galibinmu daga waya muke raba koneksiyo, ko Airtel, ko Moov, ko Zamani. Tsohon kati galibi 2.4 GHz kaɗai yake gani. In wayarka na rabawa a 5 GHz, ko kun kwana tare ba zai gan ta ba. Ka mai da ita 2.4.

Na uku, pilot, wato manhajar da ke sa Windows ya gane katin. In an sake zuba Windows, takan ɓace. Ka shiga Gestionnaire de périphériques. In ka ga alamar ruwan ɗorawa mai kusurwa uku, to ga matsalar nan. Haɗa waya da ordinata ta igiyar USB, ka raba koneksiyo ta nan, ka sauke pilot daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar.

Na huɗu, wayoyin eriya. Jijjigar hanya ko faɗuwa na iya ciro su, sai rezo ya yi rauni ko kana dab da waya. Wannan aikin mai hannu ne: a kashe, a cire batir, a danna su a hankali.

In duk an bi bai tashi ba, sai a yi zancen canji. Nan ma a kula: akwai Mini PCIe, akwai M.2, ba su shiga ramin juna, kuma wasu tsofaffin HP da Lenovo na ƙin katin da ba nasu ba. Ƙaramar kile wifi ta USB ma na fid da mutum.

Masu sayen okaziyo, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kada ka miƙa kuɗi sai ta kama wayarka a gabanka, ta buɗe shafi.

Kirana ga matasanmu masu gyaran salula: wanda ke iya canza gilashin waya, wannan ba zai gagare shi ba. Tun 2011 Baleyara ta zama gunduma, ga ofisoshi, ga makarantu, ga kasuwar Lahadi da ke tara mutane har daga Filinge. Me zai sa kuɗin gyaranmu su riƙa ƙarewa a Yamai? Ku koya, kuma ku gaya wa mutum gaskiya in maɓalli ne kawai. Wanda ka yi wa haka yau, gobe shi zai kawo maka wasu.

Allah ya sa mu dace.