Shin Sai An Zubar Da Jini Allah Yake Gafarta Zunubi?



Akwai wata hujja da masu wa'azin Kiristanci suke yawan fuskantar matasanmu da ita, a makarantu da kuma a intanet, musamman idan Babbar Sallah ta kusa. Sukan ce: ku Musulmi kuna yanka raguna kowace shekara amma kun manta asalin abin, tun zamanin Annabi Musa (AS) Allah Ya hukunta cewa ba a gafarta zunubi sai da jini, dabbobin da Bani Isra'ila suka yi ta yankawa kuwa ishara ce ga babbar hadayar da za ta zo, wato mutuwar Almasihu a kan gicciye. Daga nan sai su jefa tambaya: kai da ba ka yarda da gicciye ba, wane jini ne zai wanke ka?

Tambayar ba ta wasa ba ce, domin idan har tushenta ya inganta, to tuba da istigfarin da Musulmi yake yi dare da rana sun zama aikin banza. Don haka ya kamata mu duba tushen, kuma mu duba shi a cikin littafin da su masu hujjar suke riƙe da shi, cikin ladabin da Suratul Ankabut, aya ta 46, ta umarce mu da shi wajen jayayya da Ahlul Kitabi.

Kalmar da Attaurar da ke hannun Yahudawa take amfani da ita ga abin da ake miƙa wa Allah ita ce korban. Duk wanda ya ɗan taɓa Larabci zai ji ƙurban a cikinta, don tushensu ɗaya ne, ma'anarsa kuwa kusanci. Surori 7 na farkon Littafin Firistoci sun tsara hadaya iri 5: ta ƙonawa, ta gari, ta salama, ta zunubi, da ta ramuwar laifi. Ta gari babu jini a cikinta. Ta salama kuwa mai ita yana cin naman tare da mutanensa, cikin godiya ko cika bakance, abin da ya fi kama da layyarmu. Biyun ƙarshe ne aka keɓe domin laifi.

To wane irin laifi? Sura ta 4 ta maimaita sharaɗin sau da yawa: laifin da aka yi bisa kuskure, ba da gangan ba. Littafin Ƙidaya, sura ta 15, bayan ya yi bayanin hadayar mai kuskure, sai ya ce wanda ya saɓa da gangan cikin girman kai za a yanke shi daga jama'arsa, bai ambata masa wata dabba ba. Adalci ya sa in faɗi cewa akwai wasu laifuffukan ganganci da aka sanya wa rago, kamar cin amana da ƙwace da rantsuwar ƙarya a kan dukiyar wani. Amma dubi tsarin: sai mai laifin ya mayar da abin da ya ci, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, sannan ya kawo ragon. Ɗalibin fiƙihu zai ga sharaɗin tuba da ya sani a nan, wato mayar da haƙƙi ga mai shi.

Wurin da nake so ɗan'uwa ya riƙe da kyau shi ne Littafin Firistoci 5:11-13. An yi maganar wanda ya yi laifi, aka ce ya kawo tunkiya ko akuya. In ba shi da hali, ya kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu. In kuma ko tsuntsayen sun fi ƙarfinsa, sai ya kawo lallausan gari, kashi ɗaya cikin goma na ma'aunin da suke kira efa, abin da bai wuce 'yan kofuna ba. Firist ya damƙi cikin hannu ya ƙona a kan bagade, nassin kuma ya ce an yi masa kafara, an gafarta masa. Gari ba shi da jini, ba shi da rai, ba ya jin zafin wuƙa. Da a ce adalcin Allah ba ya gamsuwa sai rai ya mutu a madadin rai, da talauci bai isa ya zama uzuri ba, domin bashin da ake bin mai kuɗi shi ake bin talaka. Tunda aka karɓi garin matalauci aka ba shi gafara irin ta mai tunkiya, to abin da ake nema yana cikin zuciyar mai kawowa da biyayyarsa, kowa gwargwadon ikonsa.

Ayar da ake dogara da ita ita ce Ibraniyawa 9:22, a cikin wata wasiƙa ta Sabon Alkawari da har malaman coci na farko suka yi saɓani a kan wanda ya rubuta ta. Masu kawo ta sukan karanta rabin ƙarshe, mai cewa babu gafara sai da jini, su tsallake rabin farko, inda marubucin da kansa ya sa kalmar “kusan” a maganarsa game da abubuwan da Shari'a take tsarkakewa da jini. Ya san akwai togaciya. Ita kuma Firistoci 17:11, da ake cewa ita ce madogararsa, ta zo ne a tsakiyar bayanin haramcin cin jini: ran dabba yana cikin jininta, an keɓe shi ga bagade, saboda haka kada a ci. Ta ce jini yana yin kafara. Ba ta ce shi kaɗai yake yi ba.

Sai batun kamanni. Ana kiran Annabi Isa (AS) ɗan ragon Idin Ƙetarewa mai ɗauke zunubi. Amma ɗan ragon da Littafin Fitowa, sura ta 12, ya yi bayani ba hadayar zunubi ba ne. An shafa jininsa a dogaran ƙofa don alama a daren fita daga Masar, iyalin gida kuma suka gasa naman suka ci. A Ranar Kafara kuwa, wadda Yahudawa suke kira Yom Kippur, bunsuru biyu ake kawowa. Ɗaya ana yanka shi don tsarkake wuri mai tsarki. Wanda babban firist yake ɗora wa hannu yana furta zunuban jama'a a kansa, nassin sura ta 16 bai ce a yanka shi ba, korarsa ake yi cikin jeji da ransa. Kiristoci sukan amsa da cewa duk waɗannan inuwa ce ta abin da zai zo. To ita inuwa ai da siffar mai ita take tafiya. Ga kuma Maimaitawar Shari'a 12:31 da ta kira miƙa ɗan Adam hadaya abin ƙyama, da Ezekiyel sura ta 18 da ta ce ɗa ba ya ɗaukar laifin uba, mugu kuma in ya tuba zai rayu.

Annabawan Bani Isra'ila sun sha nanata wannan. Mutanen Nineba ba su da Haikali, ba su da firist daga zuriyar Haruna. Suka yi azumi, suka bar muguntarsu, Allah Ya ɗauke musu azaba. Littafin Yunusa ya faɗa, Suratu Yunus aya ta 98 ma ta tabbatar. A addu'ar buɗe Haikali da aka danganta wa Annabi Sulaiman (AS), a Sarakuna na Farko sura ta 8, ya roƙi Allah cewa idan aka kwashe jama'arsa bayi zuwa wata ƙasa, suka tuba suka yi addu'a daga can, Ya gafarta musu. Wato a ranar da aka buɗe gidan yankan ma, an san akwai gafarar da ba ta jiran yanka.

Tarihi kuma ya jarraba maganar. Babiloniyawa sun rushe Haikalin farko a shekara ta 586 kafin Miladiyya, aka yi kimanin shekara 70 kafin a kammala na biyu. Rumawa ƙarƙashin Titus suka rushe na biyun a shekara ta 70 Miladiyya, hadayar Haikali ta tsaya tun daga nan. Malaman Yahudawa ba su ce ƙofar gafara ta rufe ba. An ruwaito cewa Yohanan ɗan Zakkai ya rarrashi almajirinsa da ke kuka a kan kufan Haikali da cewa ayyukan jinƙai suna yin kafara kamar yadda bagade yake yi, ya kafa hujja da Yusha'u 6:6, inda aka fifita jinƙai a kan hadaya. Wannan ayar dai ita ce Linjilar Matiyu ta ruwaito Annabi Isa (AS) ya kawo har sau biyu. Musa bin Maimun, babban malaminsu da aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya ƙara tafiya nesa a littafinsa na Larabci, Dalalatul Ha'irin: yana ganin an shar'anta yanka ne domin mutanen wancan zamani ba su san wata hanyar bauta ba, sai aka juya abin da suka saba yi wa gumaka zuwa ga Allah Shi kaɗai. Wasu malamansu, kamar Nahmanidis, sun yi masa raddi mai zafi, mu ma ba lallai mu bi shi a kan wannan ba. Abin lura shi ne masu littafin, waɗanda suke karanta shi da harshensa na asali, ba su fahimci abin da ake cewa yana nufi ba.

A ɓangaren Kiristoci ma bayanin bai zo a dunƙule ba. Manyan malamansu na ƙarnonin farko, irin su Orijin, sun fahimci mutuwar Almasihu a matsayin fansar da aka biya Shaiɗan. Anselm, babban limamin Kantabari a Ingila, shi ne a wajejen 1098 ya tsara bayanin cewa zunubi bashi ne ga darajar Allah wanda ɗan Adam ba zai iya biya ba. Sannan ga Ayyukan Manzanni sura ta 21: shekaru da yawa bayan ɗauke Annabi Isa (AS), Yakubu da dattawan Urushalima sun shawarci Bulus ya shiga Haikali tare da mutum huɗu masu wa'adi, ya biya kuɗin hidimarsu, ya kuwa shiga yana jiran ranar da za a miƙa hadaya domin kowannensu. Idan almajiran farko sun yi imani cewa gicciye ya rufe babin yanka, me ya kai su bagade? A misalin ɗan da ya ɓata dukiyar ubansa, a Luka sura ta 15, uban ya rungumi ɗan tun kafin ya gama neman afuwa. An yanka maraƙi, amma na walima ne, bayan an riga an yafe.

Mu kuma fa? Layya ba kuɗin zunubi ba ce, kuma Suratul Hajji aya ta 37 ta yanke magana: nama da jini ba sa isa ga Allah, taƙawar mai yanka ce take isa. Ko a inda Shari'a ta sanya yanka a matsayin fidiya, kamar mahajjacin da ya aske kansa saboda rashin lafiya, Suratul Baƙara aya ta 196 ta ba shi zaɓi tsakanin azumi da sadaka da yanka. Akwai ruwayar da ake yawo da ita cewa ɗigon farko na jinin layya yana kankare zunubai. Malaman hadisi da dama sun raunana ta, bai kuma kamata a gina aƙida a kanta ba.

Ƙissar Annabi Ibrahim (AS) da masu wa'azin suke jawo mu gare ta, a duba ta da kyau. Yaron bai yi laifin da za a yanka shi dominsa ba, babu kuma inda aka ce zunubin wani aka ɗora masa. Jarrabawa ce ta miƙa wuya, uba da ɗa suka ci ta tun kafin jini ya zuba, kamar yadda Suratus Saffat ta nuna. Da lokacin yanka ya yi, Allah Ya hana a taɓa ɗan Adam, Ya sa dabba a gurbinsa. Wannan ɓangaren, Littafin Farawa sura ta 22 da Alƙur'ani sun haɗu a kansa, duk da saɓaninmu a kan wane ɗa ne. Aƙidar gicciye kuwa tana cewa daga baya an ɗauke dabbar an mayar da ɗan Adam wurinta.

Wallahu a'alam.