Zare: Wace rana za ka aje sigari?

1/ Samarin Tsamaye, Sabon Birni da Isa, ku matso. Kusan duk mai shan sigari da na sani cewa yake "zan bari". To yaushe? Ra'ayina: ka sa 1 ga Ramadan, ka fara shiri tun Sha'aban. 🧵

2/ Amsar da aka fi ba ni ita ce "sai hankali ya kwanta". Na gane wallahi. Wanda gonarsa ta gagara zuwa saboda 'yan bindiga ba wasa yake ba in ya ce taba ke sanyaya mai rai. Amma shekara nawa muna jiran kwanciyar hankalin ga? Huhu ba ya jira.

3/ Kuma sanyin nan da kake ji, ga asalinsa: nikotin ya ragu a jini, jiki ya fara damunka, ka kunna kara ɗaya, ya lafa. Damuwar da taba ta kawo ita take ɗaukewa, na ɗan lokaci.

4/ Me ya sa azumi? Malamai sun ce shan taba na karya azumi. Kenan daga asuba zuwa magariba, awa 13 ko fiye, ka saba haƙuri duk shekara. Dare kawai ya rage maka.

5/ Kwana 3 na farko sun fi zafi: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci. Yawanci cikin mako 2 zuwa 4 abin ke lafawa. Ramadan kwana 29 ko 30 ne. Ka ga ya yi daidai.

6/ Inda ake faɗuwa shi ne bayan buɗa-baki. Dabino, kunu, sai teburin mai shayi, sai wani ya miƙo ashana. Ka zauna gida har Isha'i, ka wuce tarawihi. In sha'awar ta taso, ka sha ruwa, ka sa aswaki. Minti kaɗan take yi ta wuce.

7/ Aikin Sha'aban: ka sanar da 'yan majalisarku ranar. Ka ce wa mai tireda ya daina ba ka bashi. Dokar taba ta 2015 ta hana saida sigari kara-kara, amma kowa ya san yadda ake ciniki, don haka kai za ka rufe ƙofar.

8/ Wani zai ce yunwa, ga zafin Sakkwato, ga rashin taba, ai ya yi yawa. Da wuya kam. Amma wane wata ne kuma za ka wuni ba wanda ya busa hayaƙi gabanka? Mu ɗalibai dai kada mu sa ranar a makon jarabawa.

9/ Sai tarkon Sallah: "bari in ɗan taɓa ɗaya, ai biki ne". Ɗayar nan ke rusa wata guda. Kuɗin da ka tara, ka yi ɗinkin Sallah da su.

10/ In azumi na da nisa, kada ka fake da maganata. Ka zaɓi rana cikin mako 2 masu zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Rubuta ranarka a ƙasa, mu riƙa tuna maka. Allah Ya ba da iko.