Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu bari. Sai ka ga yaro ya sayo 'yar mahaɗa mai araha ya cusa a kafar USB ɗaya, ya jona filash da firinta da wayarsa. In aiki ya tsaya, sai ya ce wai kwamfuta ce ta lalace.

Gaskiya ne tun da aka fito da USB a 1996 an tsara layi ɗaya ya ɗauki na'urori 127, har da mahaɗar kanta a lissafi. Amma fa yawa daban, ƙarfi daban. Kafar USB 2.0 wutar miliamfiya 500 kaɗai take bayarwa, gudunta kuwa megabit 480 ne a daƙiƙa, kuma duk rabawa ake yi. Da waya ta ja wuta, filash na iya ɗaukewa ana tsakiyar ajiye aikin jarrabawa, wahalar mako guda ta tafi a banza.

Saboda haka ina roƙon iyaye su sayi mahaɗa mai tata wutar daban, mu kuma mu cire abin da ba mu bukata. Allah Ya sa mu gane, amin.