Keken da Ya Dace da Hanyoyin Makarfi

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ma'aikata da 'yan makaranta da dama a Makarfi, Ikara da Kudan suka koma ga keke. Abin takaici, sabon shiga yakan ruɗu da keken hawan dutse mai arha, mai giya barkatai da sifirin gaba da baya. Irin wannan, damina ɗaya a hanyar ƙauye ta ishe shi, kayan gyaransa kuwa sai an je Zariya.

Lalle ne mai ƙaramin albashi ya fara duba ingancin ƙarfe, da birki, da faɗin taya, sa'an nan ya tambayi mai gyaran keke na unguwarsu ko yana da kayansa. In babu, tsohon Raleigh mai kariya, wanda ke ɗaukar damin rake, ya fi masa.