Wasiƙa Zuwa ga Masu Ɗaukar Hoton Zamanin Da



Abin da ya sa na rubuto muku shi ne wani hoto da ƙanena ya kawo gida bayan Sallar bara. Ya biya kuɗi a wani sutudiyo aka shirya shi a matsayin attajirin Kano na shekarun 1940. An naɗa masa rawani, an rina hoton ya koma ruwan ƙasa, har da ƙarce-ƙarce a gefe kamar ya shekara tamanin a ƙasan adaka. Na miƙa wa mahaifinmu. Kallo ɗaya ya yi masa ya ce, "Wa ya ba shi sarauta?" Ashe rawanin mai kunne biyu aka naɗa masa, wanda a Kano na gidan sarauta ne, ba na fatake ba. Rigar kuma shadda ce mai aikin kwamfuta, sai sheƙi take yi. Abin ya yi mini ciwo, domin yaron da zuciya ɗaya ya je, kakansa yake son tunawa.

Ina ƙaunar wannan sana'a taku, shi ya sa nake roƙonku: kafin ku taɓa kwamfuta, ku zaɓi shekara, ku zaɓi gari, ku san ko wane ne mutumin da za ku fitar. Malamin zaure ne, ko ɗan kasuwar gyaɗa, ko akawun En'e, ko amaryar ƙauye? Kowanne da shigarsa. Ku nemi rigar saƙi mai aikin hannu irin aska takwas, ku nemi zanen da ya sha shuni irin na marinar Ƙofar Mata, ku tambayi tsofaffin mata yadda ake kitso da ɗaurin kallabi a lokacinsu. Tsohuwa ɗaya za ta gyara muku abin da intanet ba za ta gyara ba.

Ku dubi aikin Seydou Keïta, wanda ya buɗe sutudiyonsa a Bamako a 1948. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana. Yakan rataya zane mai ado a bayan mutum, ya ajiye masa rediyo ko agogo ko babur, abubuwan da mutanen lokacin ke alfahari da su. Ku lura da kyau: hotunan nan tas suke, za ka iya ƙirga zaren riga. Babu dishi-dishi, babu ƙarce, domin a babban fim ya ɗauke su, mai faɗin santimita 13 da tsawon 18. Masu hoton da ƙwararru ne, kuma wanda ya ɓata hoto da gangan don ya nuna tsufa ya rage musu daraja. Haka Malick Sidibé, shi ma a Bamako, da J. D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya, wanda tun 1968 ya shiga ɗaukar kitson mata har ya tara hotuna kusan dubu. Duk baƙi da fari ne mai tsabta.

Ruwan ƙasan nan da kuke zubawa a kowane hoto yana da asali. Masu wankin hoto na da sukan tsoma hoton a wani sinadari mai farar wuta don ya daɗe bai koɗe ba, launin ya biyo baya. Ba kowane hoto aka yi wa haka ba. In kuwa farkon ƙarni na 20 kuke kwaikwayo, ku sani farantan gilashin lokacin ba sa ganin ja sosai: jar dara takan fito kusan baƙa, shuɗi kuma ya yi haske. Ku rage hasken ja a wajen gyara, za ku ga bambanci. Ku kashe fitilun nan masu yawa, ku buɗe taga ɗaya. Ku sauke kyamara daidai ciki, yadda ake riƙe Rolleiflex ana leƙawa ta sama, sai mutum ya fito da kwarjini.

Inda na fi jin zafi shi ne fuska. Don Allah ku daina haskaka fatar mutane, ku daina goge ta har ta koma kamar ta 'yar tsana. Hoton kakata da ke ɗakin mahaifiyarmu, baƙa ce wuluk, tsagar gidansu a bayyane a kumatunta, kwalli ya zauna a idonta, ba ta murmushi, ta ɗora hannayenta masu lalle a kan gwiwa. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya tsaya a gabansa. Kada kuma ku zana wa mutum tsagar da ba ta gidansu ba don ado, domin tsaga asali take faɗa.

Sai roƙo na ƙarshe. Hotunanku suna yawo a Facebook da WhatsApp, wani ya ɗauka ya rubuta a ƙasa cewa sarki kaza ne a shekara kaza, yara su gaskata. Ku rubuta sunan sutudiyonku da shekarar da kuka ɗauka a kusurwar hoton, inda ba za a yanke ba, yadda masu hoton da ke buga hatiminsu a baya.